Gangarar Lambun Kan Tudu

Da baya Geum-ja take hawa matakalar lambun unguwarsu. Sai ta kwantar da keken guragun a ƙirjinta, mijinta Du-sik yana ciki kamar buhun shinkafa, ta ja, taya ta hau, ta numfasa, ta sake ja. Tun shekarar da ɓarin jikinsa ya shanye take wannan aiki kowace hantsi, domin likita ya ce ya riƙa shan rana, kuma a duk unguwar nan da ke manne a jikin tudun birnin Busan babu fili sai wannan. Nauyin ba ya damun ta. Ta daɗe da daina jin abubuwa da yawa: ɗanɗanon miya, ciwon baya, har da kewar ɗansu Min-cheol da ke aiki a Seoul.

Du-sik mai walda ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai baki kamar reza a zamaninsa. Ciwon ya kwashe masa magana kakaf, ya bar masa guda ɗaya tak: “Ya isa.” In yunwa ce, ya isa. In ƙaiƙayi ne, ya isa. In fitsari ya matse shi, ya isa. Ita kaɗai ke rarrabe su, yadda uwa ke rarrabe kukan jaririnta.

Wata ranar kaka suka iso saman matakalar suka tarar da rabin unguwa a ƙarƙashin bishiyoyi. An kafa allo a bakin lambun: wani kamfani zai gina benen ajiye motoci a wurin. Shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, Seok, tsohon malamin wasanni, ya hau benci yana magana da lasifika, alhali kowa na jin sa ko babu ita.

“Nan 'ya'yanmu suka koyi tafiya! Nan iyayenmu suke shan iska! Gyara muke nema, ba rusawa ba!”

“To ni a kaina zan ajiye motar?” in ji Yeo, direban tasi. “Jiya sai da na zaga tudun nan har mai ya kusa ƙarewa.”

Maman Hye-rin, mai shagon gyaran gashi, ta riƙe ƙugu. “Wannan akwalar taka? Ka bar ta a bakin bola mana, masu kwasar shara su taimake ka.”

“Ke dai ki ji da kawunan da kike ƙonawa.”

Aka kwashe da dariya. Geum-ja ta juya keken ya fuskanci rana, ta gyara wa mijinta bargo, ta share masa miyau. Da lambun da benen duk ɗaya suke a wurinta. In an rushe, za ta riƙa ajiye shi a bakin taga.

Da taro ya watse, Maman Hye-rin ta zo ta durƙusa gaban keken, ta gai da Du-sik, sannan ta ɗago.

“Yaya, za a saurare mu a ofishin gunduma ranar Talata. Don Allah ki zo da Baban Min-cheol. Ba sai kin ce komai ba, ki tsaya a bayansa kawai. Su gani da idonsu. Za mu ce a yi muku gangara, ki huta da wannan jan.”

“Lokacin wankansa ne.”

“Haba Yaya, wanka ba ya gudu.”

Geum-ja ta ce to. Cewa to ya fi sauƙi. A'a tana bukatar bayani.

Ranar Talata ɗakin taron ya yi zafi. Wani jami'i mai tabarau ya yi ta nuna zane a bango, yana magana da murya ɗaya kamar famfo mai ɗiga. Mutane suka fara gyangyaɗi. Geum-ja ta ga yatsun hannun Du-sik mai lafiya suna murza bargo, ta gane abin da ke tafe, amma an cusa su a layin gaba, kujeru sun toshe hanya. Jami'in na cikin cewa an yi nazari mai zurfi, sai muryar Du-sik ta tsaga ɗakin.

“Ya isa!”

Shugaba Seok ne ya fara miƙewa yana tafi, sai ɗaki ya ɗauka. “Ya isa! Ya isa!” Har da Yeo direba, wanda ya zo don ya yi gardama. Wata 'yar jarida ta durƙusa tana ɗaukar hoton tsohon, idanunsa sun yi ja, ƙwalla na gangarowa ta gefen fuskar da ba ya motsi. Maman Hye-rin tana kuka.

Geum-ja ta ji warin tun kafin ta duba. Ta ja bargon ta rufe masa cinya, ta jira tafin ya lafa, ta tura shi waje. Ƙofar banɗakin ta yi wa keken kaɗan. A wani lungu bayan injin sayar da shayi ta sauya masa wando, tana kare shi da jikinta. Ya kawar da kai. Ita ma ba ta dube shi ba.

Kafin mako ya zagayo, kalmar ta hau ƙyallaye daga gindin tudu har samansa. Aka buga ta a jikin riguna. Yara na rera ta a hanyar makaranta. Duk zanga-zangar da za a yi, sai an aiko a ɗauki Baban Min-cheol, a ajiye shi a gaba, a ɗaura masa jan ƙyalle a goshi. Mutanen ba mugaye ba ne. Suna kawo mata wainar shinkafa da kifi, samari suna ɗaga keken a matakala, wata har ta saƙa masa hula. Ita kuwa tana tsaye a baya, hannu a kan keke, tana tunanin ko ta kashe murhu.

Sanyi ya shigo da ƙarfinsa a shekarar. Ranar da motar rusau ta kamfanin ta hauro, mutanen unguwa suka zauna a kan titi tun asuba, Du-sik a gaba cikin kekensa, iska na tasowa daga teku tana yanka kunne. Geum-ja ta ce za su koma gida.

“Yaya, kaɗan ya rage,” in ji Maman Hye-rin, leɓɓanta sun yi shuɗi. “Masu hoto na hanya. In suka ga babu shi, shi ke nan.”

Suka zauna har azahar. Motar ta juya. Aka rungumi juna, aka yi ta ihu.

Tari ya fara kashegari. Daga tari sai zazzaɓi, daga zazzaɓi sai asibiti. Likita ya ce huhu ne, ya kuma ce masu irin ciwonsa sukan gamu da haka ko suna cikin ɗaki. Bai kai ga ganin furen bazara ba.

A gidan makoki Min-cheol ya same ta a ɗakin baya tana jera cokula.

“Mama, wa ya ce ki kai shi cikin wannan sanyin? Mutumin da ko ƙafarsa ba ya iya ja?”

“Ka ci abinci?”

“Tambayarki nake yi, Mama.”

“Akwai miyar nama. Ka ci tun da zafinta.”

Ya tsaya yana kallon ta, ya fita. Shugaba Seok ya zo da mutanen ƙungiya, suka sunkuya gaban hoton marigayin, ya kama hannayenta biyu ya ce unguwa ta yi rashin jarumi. Ta gode masa. Ta lura maɓallin rigarsa ɗaya na shirin tsinkewa. Maman Hye-rin ta tsaya daga nesa tana wanke kwanuka, ta kasa haɗa ido da ita.

Kamfanin ya janye a farkon damina. Gunduma ta amince da gyara. Aka sa fitilu, aka sake benci, aka zuba gangara mai faɗi da ƙarfen dafawa daga titi har cikin bishiyoyi. Geum-ja tana jiyo ƙarar aikin daga gida. Har yanzu tana dama kunu mai laushi da safe, sai ta tuna, ta shanye da kanta a tsaye.

Ana gobe bikin buɗewa Maman Hye-rin ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta daɗe tana murza hannu kafin ta yi magana.

“Yaya... keken yana nan? Masu hoto suna son a ga an hau gangarar. Kakar su Bo-ra, tsohuwar nan mai sanda, ta ce za ta zauna. In ba ki so, a bar shi. Na rantse ba komai.”

“Yana bayan ƙofa.”

Da kanta ta tura shi zuwa wurin, babu kowa a ciki, yana ta ƙarar banza a kan titi. An yi jawabai, an yanke ƙyalle, Yeo direba na raba giyar shinkafa yana cewa shi dama tun farko yana tare da su. Da aka zo hoto, Kakar su Bo-ra ta leƙa keken, ta ja da baya da sandarta.

“Wannan ai na marigayi ne! Ni da ƙafafuna? Ku nemi wata, ban shirya ba tukuna.”

Aka yi ta lallashi, ta ƙi. Mai hoto ya duba agogo. Jami'in gunduma ya yi gyaran murya. Kowa na duban kowa, babu mai son zama.

Geum-ja ta zagayo ta zauna.

Kujerar ta lotsa ta gefen hagu, inda jikinsa ya saba kwantawa, sai ta ji ta karkace ita ma. Daga nan ƙasa ba a ganin fuskoki sai an ɗaga kai. Ciki da ɗamara da jakunkuna kawai. Ta rasa inda za ta sa hannayenta. Ta ɗora su a cinya.

Wani ya kama keken daga baya. Ta gane ƙamshin man gashin. Taya ta motsa, gangarar ta ɗauke su a hankali, babu tsalle, babu ja. Aka yi tafi, aka haska fitilar hoto, mutane suka juya wajen abinci. Keken bai tsaya ba. Ya bi sabuwar hanyar da ta zaga bishiyoyin, inuwa da rana suna wucewa a kan fuskarta bi da bi. Ta ji ƙafafunta sun yi nauyi, bayanta ya fara wani irin ciwo tun daga wuya har ƙugu, kamar yanzu aka ba shi izini.

Da suka dawo bakin gangarar, keken ya rage gudu.

“Yaya,” in ji Maman Hye-rin daga baya, “in tsaya?”

Geum-ja ba ta buɗe ido ba.

“Ki ƙara zagayawa,” ta ce.