Ƙarar da Micajah Ya Kai Ɗansa

Wasiƙar ta zo a watan Maris, amma Baba bai nuna mini ita ba sai da ta yi kwana tara a aljihun rigarsa. Wani kamfani ne ya sayi tsohuwar gonar da ke bayan rafin Tarpley, zai gina gidaje sittin. A tsakiyar gonar akwai 'yar maƙabartar danginmu, eka ɗaya tak, kuma a cikinta mahaifiyata Lorene take kwance shekara goma sha ɗaya ke nan. Lauyan kamfanin ya rubuta, cikin irin ladabin nan na lauyoyi mai sa mutum ciwon kai, cewa za su nemi izinin kotu su tone kaburburan su mayar da su maƙabartar gari. Sai fa idan akwai wanda zai iya nuna cewa ekar tana da magada a raye. An ba mu zuwa ƙarshen Agusta.

Baba, Wendell Harlow, shekararsa tamanin da biyu, dikon ne, wato dattijon coci, a cocinmu na Baftis tun kafin in yi wayo, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ai kowa ya san ekar ta kakanmu Micajah ce. Na ce masa "kowa" ba ya zuwa kotu ya ba da shaida. Ya kalle ni ya mayar da hankalinsa kan kofinsa na kofi. Ni ce 'yarsa tilo, na yi ritaya daga gidan waya, ba ni da uzurin da zan fake da shi. Aikin ya faɗo kaina.

Na fara da takardun ƙasa, kuma a nan na fara shan wahala. Gonar dai ba ta taɓa motsawa ba tun da Allah ya halicce ta, amma gundumar da take ciki ta canja sau uku, don haka sai da na zaga kotuna uku kafin wata magatakarda ta tausaya mini ta ce in koma ta farko, in nemi littafi mafi tsufa. A ciki na sami takardar. A shekarar 1774, lokacin Sarkin Ingila yana mulkin jiharmu ta Virginia, Micajah Harlow ya sayar da gonarsa eka ɗari biyu, amma ya keɓe eka ɗaya, "daga itacen iyaka mai alamar sara uku zuwa bakin rafi, domin binne shi da zuriyarsa har abada." Na karanta sau huɗu. Da ba don mutane ba da na taka rawa a ɗakin nan.

Lauyan ya yaba mini sosai a waya. Ya ce takarda ce mai kyau, ba shi da ja a kanta. Saura in nuna cewa mu ne zuriyar.

Na ɗauka wannan ne mai sauƙin. Daga Baba zuwa baya, tsara biyar, komai a rubuce yake: shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidanmu inda ake rubuta haihuwa, takardun aure, ƙidayar jama'a. Sarkar ta tafi sumul har kan wani Reuben Harlow da aka haifa wajen 1768, daga nan ta tsinke. Tun muna yara ake gaya mana Reuben ɗan Micajah ne, amma babu takarda ko ɗaya da ta faɗi haka. Wasiyyar Micajah ta ƙone tare da kotun da take ciki a lokacin yaƙin basasar Amurka. Ga shi kuma gidajen Harlow uku ne a yankin a zamanin, kowanne da ɗimbin 'ya'ya, kamar sun haɗa baki don su ba ni haushi.

Sai na tuna cewa a zamanin mulkin Ingila cocin gwamnati ne ke rubuta haihuwa. Duk jaririn da aka kai aka yayyafa masa ruwan baftisma, limamin cocin zai rubuta sunansa da na uwa da na uba. Na tafi babban ɗakin karatu na Richmond, babban birnin jihar, na zauna gaban na'urar duba tsofaffin takardu har idanuna suka fara ruwa. Ga Micajah nan da matarsa Keziah. Ga 'yarsu Judith, 1761. Ga Tabitha, 1763. Na ci gaba da juya shafi ina jiran Reuben. Shekara biyar, shekara goma, shekara goma sha biyar, babu shi, babu ma sunan Micajah kuma. Mako uku ina komawa, ina cewa ko na tsallake shafi ne.

Da na gaya wa lauyan, ya ce shi ma abin da mai bincikensu ya gani ke nan: 'ya'ya mata biyu, kuma an rasa inda zuriyarsu ta shiga. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Na yarda ya yi, amma baƙin cikinsa bai hana shi tuna mini da ƙarshen Agusta ba. Ranar na zauna a mota a bakin titi na yi kuka sosai. Abin da nake gani kawai shi ne motar tono a kan kabarin uwata, da Baba a tsaye yana kallo.

Ban iya zuwa gidan Baba da wannan fuskar ba, sai na biya wajen Mama Odessa Pruitt. Shekararta casa'in, ta riƙe littafin cocinmu shekara arba'in, kuma har yau ba wanda ya taɓa cin ta a gardama, har da fastoci shida. Na same ta a baranda da yamma tana ɓarar wake. Ta miƙo mini kwano ba tare da ta tambayi abin da ya kawo ni ba, na zauna ina ɓara ina ba ta labari tun daga farko. Ba ta katse ni ba sai da na kai kan Judith da Tabitha da shafukan da babu kowa.

"Darlene, shekararki nawa aka yi miki baftisma?"

"Goma sha uku."

"Wa ya riƙe miki tawul a bakin rafi?"

"Ke ce, Mama."

"To 'yar dikon guda, me ya kai ki neman ɗan Baftis a littafin masu yayyafa wa jarirai ruwa?"

Na ajiye waken da ke hannuna. Shekara hamsin da takwas ina zama a benci na uku, na ji wa'azi ya fi ɗari a kan cewa mu ba ma yi wa jariri baftisma sai ya girma ya zaɓa da kansa, amma na kwashe mako uku ina neman jaririn Baftis a rajistar cocin Ingila. Mama Odessa ta ce ba haihuwa Micajah ya daina ba, kai 'ya'yansa wurin limamin gwamnati ya daina, domin tsakanin Tabitha da Reuben ne ya shigo cikinmu 'yan Baftis. Ta yi dariya har sai da ta ajiye kwanon, ta ce za ta ba da labarin nan ranar Lahadi ko ina so ko ba na so.

Na ce to in haka ne, littafin cocinmu zai nuna uban Reuben. Ta girgiza kai. Ta ce mutanenmu na dā in sun yi wa babba baftisma sunansa kawai suke rubutawa, don a wurinsu ubansa ba shi da hannu a lamarin. 

"Mu ba ma rubuta haihuwa, 'yar nan," in ji ta. "Laifi muke rubutawa. Ki roƙi Allah kakan nan naki ya kasance mara ji."

Ta bayyana mini abin da take nufi. A dā, ranar Asabar ɗaya a kowane wata, 'yan coci sukan taru su saurari ƙorafin juna. Ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa kotun gwamnati, abin kunya ne babba, gaban ikilisiya ake kawo shi. Shi ya sa ban ga komai a kotu ba. Ta aike ni ɗakinta in buɗe akwatin katako da ke ƙafar gado. Can ƙarƙashin barguna tsohon littafin yake, naɗe cikin rigar matashin kai. Ta ɗauko shi ne daga coci shekarar da rufin ya yi yoyo, kuma ba ta ga wanda ta amince ta mayar wa ba. Sai da ta sa na wanke hannu sau biyu kafin ta bari na taɓa shi.

Kwana uku ina zuwa teburin cin abincinta. Ban taɓa sanin kakanninmu sun sa wa juna ido haka ba. An kawo wani saboda tseren doki. An kawo wata saboda ta sa hula mai gashin tsuntsu. Wani ɗan'uwa Elijah kuwa kusan kowane wata sai ya zo ya tuba daga shan giya, har na fara jin kewarsa in ban gan shi a shafi ba. Na ga baftismar Reuben a 1789, sunansa kawai cikin jerin mutum bakwai, kamar yadda Mama Odessa ta faɗa. Daga nan shiru. Shekara biyu yaron nan bai yi laifin komai ba, ni kuma ina zaune ina jin haushinsa saboda natsuwarsa.

Rana ta uku, bayan abincin rana, na kai watan Yuni na 1791. Na karanta a zuciya, sannan na karanta wa Mama Odessa a fili.

"Ɗan'uwa Micajah Harlow ya kawo ƙarar ɗansa Reuben, cewa a ranar Lahadi, ranar hutu ta Ubangiji, ya sare itacen iyaka mai sara uku da ke kusurwar maƙabartar gidansu, domin ya kwashi zumar da ke cikin kogonsa."

Ɗansa. Da tawada, da hannun magatakardan coci, a gaban shaidu. Mama Odessa ta ce in ci gaba, tana son ta ji yadda aka ƙare. An tura 'yan'uwa biyu su yi wa Reuben nasiha. A wata na gaba suka dawo da rahoton cewa ya amsa ya sare itacen, amma ya ce bai ga laifin ba tun da ƙudan zuman ma ba su huta ranar ba. Aka dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, gurasar da 'yan coci ke ci tare. Sai a watan Oktoba ya zo ya nemi gafarar mahaifinsa da ta ikilisiya, aka karɓe shi da sharaɗin ya kafa dutse a inda itacen yake.

Dutsen nan na san shi a takarda. A dā, duk shekara huɗu maƙwabta sukan fita tare su taka iyakokin gonakinsu a ƙafa, a rubuta abin da suka gani, don kada wani ya wayi gari ya ce an ci masa ƙasa. A rahoton 1795 na taɓa ganin "dutse a inda itacen nan yake a dā," na wuce ban kula ba. Yanzu littafin ƙasa da littafin coci sun faɗi magana ɗaya. Na kifa kaina a teburin na yi ajiyar zuciyar da na riƙe tun watan Maris. Mama Odessa ta dafa bayana, ta ce in ɗaga kaina kada in jiƙa mata littafi.

Sauran ya tafi da sauri. Ta yarda aka ɗauki hoton shafukan, amma ita da kanta ta raka littafin zuwa ofishin lauyan, tana riƙe da shi a cinya. Mai awon ƙasa na kamfanin ya tona kusurwar ya sami dutsen a ƙarƙashin saiwoyi. Ranar goma sha tara ga Agusta wasiƙa ta biyu ta zo: sun janye buƙatarsu, gidajen za su zama hamsin da takwas, za a bar ekar da hanyar shiga.

Na kai wa Baba da safe. Ya sa na karanta masa wasiƙar, sannan ya sa na karanta masa ƙarar Micajah sau biyu. Wurin maganar ƙudan zuma ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce shi dai yanzu ya tabbata Reuben jininmu ne, domin irin wannan amsar nake ba shi tun ina ƙarama. Daga nan ya tashi ya ɗauki hularsa, ya ce in kai shi maƙabartar.

Muka bar motar a bakin hanya muka taka a hankali, yana riƙe da hannuna. Da muka isa shingen sai na tsaya. Ciyawa ta kai gwiwa, ta rufe rabin dutsen kabarin mahaifiyata, furannin da ke kwalbar sun bushe sun zama kara. Ban taɓa ganin wurin nan haka ba. Ni ina can ina bin matattun shekara ɗari biyu, ban tambayi ko yana zuwa ba.

"Tun da wasiƙar farko ta zo ban taka nan ba," in ji shi, ba tare da ya kalle ni ba. "Ban san abin da zan ce mata ba."

Ya saki hannuna, ya ratsa ciyawar shi kaɗai har gaban dutsen. Ya cire hularsa, ya tsaya ɗan lokaci yana share ganyen da ya manne a kan sunanta da babban yatsansa.

"Lorene," ya ce, "kwanta abinki. Ba inda za ki."