Ranar da Muka Wanke Rafi

Ni Adjara mai koko, shekara goma sha ɗaya ina dama koko a Zangon Lome, ba wanda ya taɓa riƙe ciki saboda ni. Da aka taso mu daga tsakiyar gari aka kawo mu sabon Zango, famfo bai iso layinmu ba, sai na koma ɗibar ruwa a ɗan rafin bayan unguwa, in tace, in tafasa. Shi ke nan wasu masu baƙin baki suka baza cewa da ruwan kwata nake damu. Cikin mako biyu bencina ya zama wayam. Har Malam Salahu liman, wanda kullum bayan asuba kofi biyu yake sha, ya koma zagayawa ta bayan masallaci don kada mu haɗa ido.

Ina da 'yar ƙanena Lailatu, tana jami'a, Faransanci a bakinta kamar rediyo. Ta same ni ina korar ƙudaje daga kokon da ba mai saye.

"Gwaggo, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Ran Alhamis zan zo da malaminmu Moumouni mu duba rafin. Ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu za mu ƙirga. Su za su nuna ko ruwan na da kyau, a rubuta a takarda, a buga hatimi."

Ta so ƙara bayani, na ce ta bari, na gane. Wa zai koya mini ƙwaro? Tun ba a haife ta ba nake tsince shi a gero.

Mu kuwa a zamanin nan mun san yadda ake tarbar babba. In aka ce wani na jam'iyya zai ratsa unguwa, sai a share titi, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a ɗaure awaki, mata su sa zane iri ɗaya su yi waƙa. Yanzu mai hatimi zai zo ƙirga mana ƙwari, mu zauna ya same su a jibge? Ba da ni ba.

Na tara matan layinmu, Meimuna mai waina a gaba. Daga Litinin zuwa Laraba muna cikin rafi da rariya da soso da sabulu. Ba dutsen da ba mu juya ba. Abin da muka gani kuwa, Allah mai iko: wani ƙwaro shafaffe mai wutsiya uku, wani ya gina ɗan gida da yashi yana jan abinsa. Muka kankare su tas muka zuba a daro, agwagin Meimuna suka yi biki. Da muka gama muka bi duwatsun da farar ƙasa. Wallahi da na ja baya na duba, sai da na ji alfahari.

Ran Alhamis muka jeru da zane iri ɗaya, liman ma ya zo. Sai ga Lailatu da malaminta. Moumouni gajere ne, da takalmin roba har gwiwa, yana riƙe da 'yar raga da farin faranti. Ya tsaya yana kallon fararen duwatsun ya daɗe, sannan ya shiga ruwa. Ya ɗaga dutse, ya juya, ya ajiye. Sai da ya ɗaga ashirin, ina ƙirgawa, ina taɓa Meimuna da gwiwar hannu don murna. Farantin nan fes.

Ya fito fuska a murtuke ya ce, "Jama'a, a daina shan ruwan nan. Mai wutsiya uku da mai gidan yashi ba sa zama sai a ruwa mai kyau, in ya fara lalacewa su ke fara mutuwa. Jar tsutsa kuwa ko a kwata tana rayuwa. Nan ko ita babu. Wani abu aka zuba."

Malam Salahu ya yi salati ya dafa cikinsa. Ni kuwa na ga in na yi shiru, kokona ya mutu har abada, sai na runtse ido na faɗi abin da muka yi, har da sabulun.

"Gwaggo, ina kuka kai ƙwarin?" Lailatu ta tambaya.

Kowa ya juya ya kalli agwagin. Moumouni ya yi ta dariya har ya zauna daɓas cikin ruwa. Meimuna ta ce a yanka ɗaya ya duba cikinta, ya ce ba ya buga hatimi a kan abin da agwagwa ta ci. Zai dawo bayan wata uku, in ƙwarin sun dawo ya rubuta. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma Lailatu ta yi mako guda ba ta gaishe ni ba.

Tun ranar na zama mai gadin rafi. Na samo sanda, na hana wanki, na hana sabulu, na kori agwagi har muka ɓata da Meimuna. Kullum in ɗaga dutse a hankali in leƙa, in ga ba kowa, in koma in zauna da bencina.

A mako na bakwai, da gari ya waye na gangara, sai na hango mutum tsugune a bakin ruwa, ya tattare babbar riga, yana riƙe da dutse dab da hancinsa. Har na ɗaga sanda, na ga ashe Malam Salahu ne. Bai ko waiwayo ba.

"Adjara, wutsiya nawa aka ce?"

"Uku, Malam."

Ya sake ƙirgawa da ɗan yatsa, leɓensa na motsi. Ya mayar da dutsen a hankali yadda ya same shi, ya goge hannu a riga.

"To, je ki dama mini kofi biyu."