Jajayen Idanun Kaka Nkwimba

Ranar Litinin da hantsi Machibya ya kawo matar baffansa, Kaka Nkwimba, asibitinmu a bayan keke. Hannunta a naɗe da tsumma, jini ya jiƙa shi.

"Kan fartanya ta faɗi," ya ce, tun kafin in tambaya.

Na kwance tsumman. Sara ne a bayan hannu, irin na wanda ya ɗaga hannu ya kare kansa. Watana huɗu ke nan da fara aikin jinya, amma ko ɗalibi ya san fartanya ba ta yin haka.

Baba Lubinza, babban jami'inmu, ya leƙo yana kurɓar shayi. "Minza, ɗinke ki sallame su. Shekara talatin ina ganin tsofaffi suna faɗawa kan fartanya."

"Kuma ba ka taɓa tambayar fartanyar ba, Baba?"

"Ke dai takardun makaranta sun cika miki kai."

Na ce da Machibya ya fita, zan duba ta a ɗakin mata. Ƙofa na rufuwa ta kama mini riga.

"Jikata, ɗan maƙwabcina ne ya rasu. Mutanen gari suka ce a dubi idanuna, wai jajaye ne, na mayya. Yau da la'asar za su zauna a gindin mangwaro su kore ni. Wanda ya kawo ni ɗin nan, shi ya sare ni."

Na duba idanun. Hayaƙi ne kawai! Shekara hamsin tana tuƙa tuwon masara da busasshen kashin shanu, a ɗaki marar taga.

Na ɗinke, na rubuta abin da na gani da abin da ta faɗa, na ƙi sallamarta. Na kira jami'ar jin daɗin jama'a ta gunduma, ta ce babu mota sai Alhamis. Alhamis! Na ari keken mai gadi na taka kamar ana bina.

Na tarar da maza sun cika gindin mangwaro, mai gari Ngelela a tsakiya.

"Baba mai gari, alfarma ɗaya," na ce ina haki. "Ku huɗu ku shiga madafin Kaka Nkwimba ku tuƙa tuwo tukunya ɗaya. In kun fito, ku yanke hukunci."

Aka fashe da dariya. "Namiji ya tuƙa tuwo? Yarinyar asibiti ta zauce!"

"Ko tsoron ɗakin tsohuwa kuke, manyan maza?"

Nan na kama su. Ngelela ya miƙe, Machibya da wasu biyu suka bi shi dole. Na hura musu wuta da kashin shanun da ke jibge a gefe, na ja ƙyaure. Mata suka taru suna leƙe. Ko ruwa bai tafasa ba muka ji tari. Can sai ga su sun banko ƙofa, hawaye shaɓe-shaɓe, idanu jajawur.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Jama'a, ga mayu huɗu! Wa za mu fara kora?"

Wuri ya kaure da dariya. Ni kaina tsalle nake, na manta da farar rigar da ke jikina.

Ngelela bai yi dariya ba. Ya goge fuska da hularsa, ya daɗe yana kallon Machibya.

"'Yata, na san kin rubuta takarda a asibiti. Sunansa na ciki?"

"Yana ciki, Baba. Jami'ar gunduma za ta zo ranar Alhamis ta gani, ba kuma zan goge ba."

"Kada ki goge. Ki riƙe tsohuwar a wajenku har jami'ar ta zo. Ranar Alhamis ni da ƙafata zan rako ta gida, wanda ya sake taɓa ta ni ya taɓa."

Da na koma na gaya wa Kaka, sai ta ce, "To wa zai ba kajina ruwa kafin Alhamis?"