Abin da Hannaye Suka Kawo

Aikin Katanga sauke mutane ne. In ya faɗa wa baƙo haka sai a ɗauka kwandastan mota ne, shi kuma ba ya wahalar da bakinsa wajen gyarawa. Gaskiyar magana gadi yake yi a wani tsohon sito da aka mayar gidan kiɗan rok, kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna da ke girgiza wa mutum haƙarƙari ko bai so ba. Tsakanin dandamalin makaɗa da jama'a akwai shingen ƙarfe da ya kai ƙirji, bayan shingen kuma ɗan lungu mai faɗin taku biyu. A lungun nan ya yi shekara goma sha ɗaya a tsaye, bayansa ga makaɗa, fuskarsa ga jama'a. Bai taɓa kallon wasa ko ɗaya ba, ƙeyarsa ce ta kalle su duka.

Masu zuwa irin wannan wasa ba zama suke yi su saurara ba. Mawaƙi ya jefa musu baiti su mayar masa, ya ce a durƙusa a durƙusa, ya ce a yi tsalle ƙasa ta amsa. In kiɗa ya kai inda ya kai, sai wani ya sa abokansa su ɗaga shi, ya kwanta rigingine a kan hannayen jama'a, a yi ta miƙa shi gaba hannu zuwa hannu har ya iso shinge. A nan aiki yake faɗowa kan Katanga da abokan aikinsa uku. Ka taka matakalar ƙarfen da ke jikin shingen, hannu ɗaya ƙarƙashin wuya, ɗaya ƙarƙashin cinya, ka rungumo mutum ka dire shi a kan ƙafafunsa, ka nuna masa hanyar gefe ya koma. Oga, shugabansu, yana maimaita musu doka ɗaya kafin kowane wasa har ta gundure su: a fara tare kai, don ƙafa in ta karye ana ɗora ta, wuya ba a ɗora shi.

Matar Katanga tana da ƙani da kowa ke kira Auta, duk da ya kai shekara ashirin da bakwai kuma yana da shagon ɗinki nasa na kansa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tun yana goye. Siriri ne, bakinsa ya fi jikinsa nauyi. Duk Asabar zai rufe shago ya zo wasa, kuma ya ƙware wajen tuƙa kansa a kan hannayen mutane, ya karkata nan ya karkata can har sai ya faɗo daidai wurin Katanga, na biyu daga hagu, ƙarƙashin babbar lasifika. Yana isowa zai ce, “Yaya, ga kayanka!” Katanga ya dire shi yana mita, yana cewa wata rana sai ya kai shi kasuwa ya sayar. A ransa kuwa yana jin daɗin abin, don babu wanda ke kiransa Yaya da irin wannan baki.

Abin da ya haɗa su bai kai a faɗa ba, amma dole a faɗa. Wata rana kyankyaso ya fito daga ƙarƙashin tabarma a gidan Katanga, wannan ƙato ya tsinci kansa a kan kujera bai san lokacin da ya hau ba. Auta yana wurin. Asabar na zagayowa ya tsaya a ƙofar ma'aikata ya kwashe labarin kaf ya ba masu gadi, har da kwaikwayon ihun. Kafin a buɗe ƙofa, Dogo da ke tsayawa kusa da Katanga a shinge ya fara kiransa Kyankyaso, Oga ma ya kasa riƙe dariya. Mutumin da ya yi shekaru yana gina kwarjini, ɗan ɗinki ya rushe masa shi a minti biyar. Ya ji haushi sosai, haushin da ya fi ƙarfin laifin.

A gidan kiɗan nan da rana ake wasa, a tashi kafin duhu, tun da maƙwabta suka kai ƙara. Saboda haka haske ne tarwai ke zubowa ta gilasan rufi lokacin da Auta ya taho a kan hannaye, hularsa a haƙora, yana dariya. Katanga ya gan shi tun daga tsakiyar fili. Sun haɗa ido. Ya ce a ransa bari yau Dogo ya sauke shi, ya san Yaya ya yi fushi. Ya sauko daga matakala, ya naɗe hannayensa a ƙirji, ya kau da kai. Bai duba ba, ballantana ya ga cewa Dogo yana fama da wani jibgegen mutum a hannu. Jama'a suka yi abin da suka saba, suka tura kayan da suka ɗauko ƙetaren shinge. Duk da audugar da ke kunnensa da rugugin ganguna, Katanga ya ji ƙarar ƙeya a kan matakalar ƙarfe. Auta bai kai asibiti ba.

Babu wanda ya ga naɗe hannun. Da matarsa ta iya magana, bayan kwana uku, abu ɗaya ta tambaye shi, ko ya ga tahowarsa. Ya ce bai gani ba, yana sauke wani ne a lokacin. Ta gyaɗa kai ta ce haka Allah ya tsara. Ƙaryar ta zauna a gidan daga ranar, shi kaɗai ya san da ita, kuma duk abin da yake tsoro a duniya shi ne matar nan ta sani.

Bayan mako biyar ya koma aiki. Wasa ya yi nisa, mawaƙin da ake kira Mai Gashi ya miƙa wa jama'a makirufo suna rera masa amshi, sai Katanga ya ga hannaye sun tashi a can baya. Ya taka matakala yana jiran ya ga wanda aka ɗauko. Hannaye dai suna tashi suna sauka, layi guda, tafuka a buɗe, gwiwoyin hannu suna lanƙwashewa kamar yadda suke yi in nauyi ya hau su. Wata yarinya ta sunkuyar da kai don kada takalmi ya buge ta. Amma babu kowa a sama. Rana tana haska tafukan nan ɗaya bayan ɗaya, babu komai a kansu, kuma layin yana karkata nan yana karkata can, yana neman na biyu daga hagu.

Ƙafafunsa ne suka yanke shawara, suka ja da baya. Mutanen gaba suka tura abin da suke ɗauke da shi ƙetaren shinge, sannan suka tsaya suna duban hannayensu. Ƙarar ta zo, ita ce dai, a kan matakalar.

Da aka tashi, Dogo ya tare wasu samari ya tambaye su wane irin wasa ne wannan. Suka rantse ba shiri ba ne. Ɗaya ya ce shi dai ya ji bayan mutum a tafinsa, da ɗumi, har da gumin riga, ya miƙa gaba kamar kullum, sai da abin ya wuce ya lura bai ga kowa ba. Oga ya ce zafi ne da hayaniya, kowa ya je ya sha ruwa.

Asabar ta gaba aka sake, ta gaba ma haka. Katanga ya roƙi a canza masa wuri, aka mayar da shi ƙarshen dama. Layin hannayen ya taho har tsakiya, ya ɗan tsaya, ya juyo dama. Abin takaici, jama'a ba su tsorata ba, daɗi ma suka ji. Mutanen da ke biyan kuɗi don a daka musu kunne ba ƙaramin abu ke korarsu ba. Suka raɗa masa suna Baƙo, suna rububin tsayawa inda zai bi don su taɓa. Mai Gashi, da bai taɓa barin abin tafi ya wuce shi ba, ya shiga tsayar da waƙa yana cewa a ba Baƙo hanya. Sito ya riƙa cika har ana mayar da mutane daga ƙofa. Duk wannan murna a kan mutum ɗaya take ƙarewa, wanda ke ja da baya duk mako yana jin ƙarar da babu mai ji sai shi.

Ya rame. Sau biyu yana shirya faɗa mata. Na biyun ya same ta a ɗaki tana ninke rigunan makarantar yara, waɗanda Auta ya ɗinka, tana shafa bakin ɗinkin da yatsa. Ya zauna a bakin gado ya ce, “Maman yara, akwai maganar da nake so mu yi.” Ta ɗago ta dube shi, ta ga yadda wuyansa ya zurma, sai ta riga shi. Ta ce ya daina cin kansa, ita abin da ke sanyaya mata rai shi ne ƙaninta ya cika kusa da wanda ke ƙaunarsa. Ta ce ai ta sani, da ya gan shi, ko mota ce ta faɗo sai ya tare. Katanga ya haɗiye maganarsa, ya ce dama zancen takalmin ƙaramin yaronsu ne da ya yage.

Labarin Baƙo ya iso gare ta ta wayar 'yar maƙwabta. Ta kalli bidiyon da aka ɗauka sau uku a tsaye a tsakar gida, ta mayar da wayar, ta ce ranar Asabar za ta bi shi wurin aiki. Ya kawo mata zancen ƙara, da cunkoso, da cewa wurin ba na matan aure ba ne. Ta ce ita ba kiɗa za ta je ji ba. Ta san wannan karkatar, haka Auta yake yi tun yana jariri in yana son a miƙa shi ga wani.

Oga ya karɓe ta da girmamawa, ya sa mata kujerar roba a ƙarshen lungun ta hagu, kusa da ƙofar gefe, ya ba ta auduga. Katanga ya koma tsohon wurinsa. Ya riga ya ƙudurta a ransa cewa yau zai tare, ko me zai faɗo masa a hannu. In ya tare a gabanta, watakila abin ya kwanta, watakila Auta ya haƙura ya bar masa sauran. Ya san dabara ce irin ta matsoraci, amma ita kaɗai gare shi.

Wajen waƙa ta shida hannaye suka tashi. Mai Gashi ya ɗaga jitarsa sama, jama'a suka ɗauki amshi su kaɗai, murya dubu a kan baiti ɗaya, ganga tana bin su a hankali. Layin ya taho ta tsakiya, ya karkata hagu. Katanga ya taka matakala, ya buɗe hannaye yadda ya buɗe su sau dubbai. Ya ce a hankali, “Taho, Auta. Ga ni.”

Saura mutum biyu ya iso, abin ya tsaya. Waɗanda ke ƙarƙashinsa suka yi ta nishi, hannayensu suna karkarwa, suna duban Katanga su ga me yake jira. Shi ma jira yake. Sai nauyin ya juya, ya bi gefen shinge, ya wuce ta gaban hannayensa da ke buɗe har ya ji iskar wucewarsa a fuska. Ya wuce mai gadin ƙarshe, ya nufi kujerar roba.

Ta riga ta miƙe. Babu wanda ya koya mata aikin, amma hannu ɗaya ta sa a sama inda wuya zai sauka, ɗaya a ƙasa. Mutanen gaba suka tura. Katanga ya runtse ido yana jiran ƙarar, ba ta zo ba. Da ya buɗe, matarsa tana zaune a kan siminti, ƙafafu a miƙe, hannayenta a zagaye da abin da ba ya gani, mayafinta ya lotsa a kafaɗa kamar an jingina kai a wurin. Jama'a suka ɓarke da tafi, makaɗa suka afka cikin waƙa da dukkan ƙarfinsu.

Ta cire audugar kunnenta ɗaya, ta karkatar da kai tana saurare. Har ta yi 'yar dariya, irin wadda Auta kaɗai ke sa ta, hawaye na zuba. Ta ci gaba da saurare. Dariyar ta tafi a hankali, ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ɗago ido ta nemo mijinta a cikin lungun.

Ya taho wurinta yana dafa shinge, ya durƙusa. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya ji kowace kalma.

“Ya ce kun haɗa ido.”

Ta yunƙura za ta tashi, nauyin ya rinjaye ta, ta sake yunƙurawa. Ya miƙa hannu ya ce ta kawo ya taya ta.

“Bar shi,” ta ce. “Na riƙe shi.”

Ta miƙe da kyar, ta gyara abin da ke hannunta zuwa kafaɗa, ta tura ƙofar gefe da ƙafa ta fita cikin rana. A bayansa Dogo yana ƙwala masa kira, wani yana tahowa a kan hannaye.