Wasiƙar Akawu

Gizo-gizo ya riga ya yi saƙa tsakanin haruffan tafiretar Akawu ranar da layi ya dawo gaban teburinsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi a inuwar barandar gidan waya yana buga wa mutane wasiƙu: ta neman aiki, ta ƙorafi, ta ban haƙuri, har da ta soyayya idan mai ita ya rage murya. Ana nan sai wani saurayi ya ƙirƙiro manhajar da za ka yi wa wayarka magana ta rubuta maka wasiƙa tsaf, ba tari, ba gyaran murya. Kafin a ankara saurayin ya zama attajirin da ba a ma kiran sunansa, sai dai a ce Mai Manhaja. Akawu kuwa ya koma mai gadin tebur. Yakan fito ne kawai don kada zaman gida ya gundure shi, ya jingina da bango ya yi ta gyangyaɗi har rana ta yi sanyi.

Yanzu ga rediyo ta ce Mai Manhaja ya sauka daga kujerar kamfaninsa, wai zai rabar da dukiyarsa kaf tun yana raye. Ya buɗe gidauniya, duk mai matsala ya rubuto. Sai kuma magana ta bazu a gari cewa wasiƙun waya duk kamarsu ɗaya, mutumin ya gaji da su, wadda hannun ɗan Adam ya buga ita kaɗai yake karantawa da kansa. Ba wanda ya san bakin da ya fara faɗa. Akawu dai bai ƙaryata ba. Ya hure injinsa, ya ɗiga masa mai.

Layi kuwa ba ya shiru.

"Tsoron mutuwa ne," in ji tela, yana fifita da takardarsa. "Mai irin wannan dukiyar, da ya ji kansa ya sara sai ya fara kyauta."

"To kan ya ci gaba da sarawa," in ji mai sayar da kifi. "Ni dai firiji nake so."

Direban tasi ya yi tsaki. "Wanke kansa yake yi. Ya cinye naman, yanzu yana miƙo mana tsinken sakace."

"Ku dai ba a iya muku," in ji wata tsohuwar malamar makaranta. "Ya riƙe ku ce marowaci, ya bayar ku ce munafuki. Akawu, kai da ya fi cuta, me ka ce?"

"Ni ba ni da ra'ayi, Malama, haruffa gare ni," in ji shi, bai ɗago ba. "Baiwar Allah, firijin babba ko ƙarami?"

Ƙarya yake yi. Yana da ra'ayi, kuma mai zafi: ya tsani mutumin. Amma da rana ta take, layi ya watse, zuciyarsa kan ɗauke shi ta kai shi wani ɗaki can sama, bangonsa duk gilashi, gajimare na wucewa a hankali ta bayan kujera. A ciki Mai Manhaja na zaune ba takalmi, yana karanta wasiƙar da Akawu ya buga, yana bin layi da yatsa, yana girgiza kai yana cewa, wannan kam injina ba zai iya ba. Daga nan sai hon ɗin wata mota ya dawo da shi baranda.

A gida kuwa, shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe wa matarsa gani. Likita ya ce aikin ba wuya, sai dai ya fi ƙarfin aljihunsu. Ta koyi bin bango da hannu, ta haddace takun da ke tsakanin gado da ƙofa. Wuni take yi a bakin taga, don har yanzu tana iya rarrabe haske da duhu.

"Malam," ta ce masa wata yamma, "na ji an ce gari kaf ka rubuta wa."

"Aiki ne, tsohuwa."

"To ni fa?"

"Ni in roƙi wannan yaron?"

Ta mayar da fuskarta wajen taga. Abin da ba ta sani ba, ya gwada har sau uku. Duk wasiƙar neman taimako da kalma biyu take tsayawa: ina roƙo. Ya buga su sau dubu nawa a madadin wasu, ko a jikinsa. Amma da ya zo tasa sai yatsun su ƙi, kamar jakin da ya ga rami.

Bayan kwana biyu ya dawo ya tarar ta naɗe hannunta na dama da tsumma tana ɓoye shi cikin mayafi. Ta lalubi hannun buta ne ta kamo cikinta, ruwan yana tafasa. Har dariya ta yi, wai butar ce ta matso. Shi bai yi dariya ba. Kunya ta kama shi.

Washegari ya sallami layi, ya ce injin na hutawa. Ya zura farar takarda. Tunda kalmar ta ƙi, sai ya kewaye ta, ya shiga ba da labarin idanun. Yadda suke zura zare a allura ba a tsaya an lashi bakinsa ba. Yadda suke hango hadari tun maƙwabta ba su kwashe shanya ba. Yadda suke karanta fuskarsa daga bakin ƙofa, su san ranar ta yi kyau ko ba ta yi ba, kafin ya yi sallama. Ya rubuta ranar da ya fara ganinsu a tashar mota, ana yayyafi, suka dube shi sau ɗaya suka kau da kai, shi kuwa ya bar motarsa ta tafi. Shafi huɗu ya cika bai sani ba. A ƙarshe babu sauran wurin kewayawa. Ya sa yatsa ɗaya ya buga ta harafi bayan harafi: ina roƙo.

Ofishin gidauniyar sanyi ƙalau, ga kujeru masu laushi. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta karɓi takardun hannu biyu, ta shimfiɗa su ƙarƙashin wata fitila. Haske ya bi ta kansu sau ɗaya. A allon da ke gabanta layi guda ya fito: mace, shekara sittin da ɗaya, yanar ido, duka biyun.

"An amince, Baba. Ku kawo ta asibiti ranar Talata."

"Shi fa? Yaushe zai karanta?"

"Wa?"

"Mai abin."

Ta yi murmushi, ba na raini ba. "Ai manhajar ce ke karantawa, Baba. Ga takardunka."

Ya fito rana ya tsaya da su a hannu, ya rasa godiya zai yi ko zagi. Da tela ya tare shi a hanya yana tambayar ko da gaske mutumin na karantawa, cewa ya yi, "Ana karantawa," ya wuce.

Mako uku bayan aikin, ya dawo da la'asar ya same ta a bakin taga, sabon tabarau a hancinta, rigarsa da za ta wanke a cinyarta. Takardun suna hannunta, a aljihun ta tsince su. Tana karatu a hankali, leɓɓanta na motsi. Ya tsaya a ƙofa kamar baƙo. Hasken yamma ya kwanta a kan shafin, ita kuwa ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshe.

"Ashe da gangan ka bar motar ta tafi," ta ce. "Ka ce min cika ta yi."

Ya yi gyaran murya, ya dubi silin.

"Mutumin nan ya karanta wannan?"

"Bai karanta ba."

"Ko layi ɗaya?"

"Ko harafi."

Ta cire tabarau ta goge idanunta da gefen mayafi, a hankali, yadda likita ya ce.

"Gara haka," ta ce. "Dama ba tasa ba ce."

Ta mayar da tabarau, ta koma shafin farko.