Takin Auta Ya Gangaro

A'a, Auta, sauke yatsan nan, ba a makaranta muke ba. Rabin shinkafata kake so, wai takinka ta ci? To zauna in tuna maka, tunda mantuwa ta zo maka da wuri.

Ranar da aka raba gonar nan bayan rasuwar yayanka, wa aka ba zaɓi? Kai. Ka tsaya da farin takalminka, ka leƙa kwarin, ka ce laka ce, sai kwaɗi. Ka ɗauki tudun bakin hanya don masu wucewa su riƙa cewa sannu da aiki. Ni matar mamaci aka bar ni da taɓo. Na ce na gode.

Tudun nan kuwa yashi ne, ɗan nan. Ka taɓa ganin an ɗebi ruwa a rariya? Shinkafa kamar agwagwa take, ƙafarta a jiƙe take so. Taka ko, ruwa ya sauka da safe, kafin rana ta take ya yi sallama. Saiwar me za ta kama? Ganye ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara, sai ka ce yunwa ce, ka ƙara buhun takin zamani. Na ce maka ka zuba kashin shanu da ɓuntun shinkafa ƙasar ta yi jiki, ka tare bakin gonar kada ruwa ya zurare. Ka ce wari, ka ce tsohon yayi.

Hadari na haɗowa kana watsa taki kamar mai sadaka. Ruwa ya ɗauko shi ya gangaro gonata. Ni na aike shi? Laka dai ba ta sakin abin da ya shigo hannunta, halinmu ɗaya. Tawa ta sunkuyar da kai don nauyi, taka tana tsaye ƙiƙam kamar mai ita, ba komai a ciki.

Na ji, na ji, duk abin da ya ci naka, rabinsa naka ne. Hukunci mai kyau, ban ƙi ba. Kawo buhunanka gobe a auna maka.

In za ka taho, ka haɗo da awakin nan naka da suka yi ƙiba da dusata tun suna 'yan ƙanana. A yanka kowacce biyu. Ni ɓangaren cinya nake so, haƙorana ba sa son wahala.