Ɗaga Kai a Kantin Magani

Mako biyu Manaja ta ba ni. Ta kira ni ofishinta ta ce mutum uku sun kawo ƙara, wai ba sa jin Turancina idan ina yi musu bayanin magani. Yawancin masu saye a kantinmu da Turanci muke magana da su.

"Ƙanwata, magani ba wasa ba ne," in ji ta. "Mutum ya tafi bai san sau nawa zai sha ba, mu ne a ciki. Litinin ta sama zan tsaya a bayanki in saurara. In babu sauyi, sito za ki koma."

Sito! Shekara uku na yi a ɗakin nan marar taga ina jera kwalaye, kafin Allah ya sa a fito da ni kanta, inda ake sallamar masu saye. Ko a mafarki ba na son ganin ƙofarsa.

Yayata malamar firamare ce, ita na kai wa kukana. Ai kuwa ta samu abin yi. Ta sa mini fensir a tsakanin haƙora ta ce in karanta takardar cikin kwalin magani, yawu na zuba tana dariya har da riƙe ciki. Ta riƙe takarda a gaban bakina, wai akwai harafin da sai leɓe ya fashe takardar ta motsa, ni kuwa hura shi nake yi kamar mai hura wuta. Na ɗauki muryata a waya, na saurara, na ji kamar in nutse. Na tsaya gaban madubi ina wage baki har muƙamuƙina ya yi tsami.

Ana saura kwana biyu Yaya ta ajiye takardar ta dube ni.

"Ke, ni fa ban ga abin da ya samu Turancin nan naki ba. Tar nake jin ki, tun ma kafin fensir."

Maimakon in ji sanyi, sai tsoro ya ƙaru. Ciwon da ba a san inda yake ba, ina za a shafa masa magani?

Ranar Litinin Manaja ta tsaya a bayana da biro a hannu. Wata matashiya ta zo da maganin tari, na yi mata bayani, ta yi godiya ta tafi. Wani direba ya zo, shi ma lafiya lau. Har na fara sakin jiki.

Sai ga wani dattijo da sanda, gemu fari fat, da 'yar na'urar ji a kunnensa. Ya miƙo takardar likita, ya gaishe ni da Turanci. Magani uku ne na hawan jini da zuciya: ɗaya da safe kafin a ci abinci, ɗaya rabin ƙwaya da rana, na ukun ba a haɗa shi da na farkon. Irin bayanin da in aka kuskure sai dai asibiti.

Na jera kwalaben, na yi bayani tiryan-tiryan.

"Me kika ce?" in ji shi.

Na sake, ina fasa leɓe yadda Yaya ta koya mini. Ya girgiza kai. A bayana na ji biron Manaja ya yi ƙas. Layi ya fara tsawo. Na sake a karo na uku, ina cewa a raina shi ke nan, kwalaye sun ci ni.

Dattijon ya ƙwanƙwasa kanta da yatsa.

"'Yata, da kwalbar nan kike magana ko da ni? Kunnena ya tsufa, bakin mutum nake kallo in gane. Tun ɗazu ɗankwalinki kawai nake gani."

Sai a lokacin na lura haɓata tana kan ƙirjina. Na tuna mutum ukun da suka kai ƙara, dukkansu sun haife ni. A gidanmu ba a kallon babba ido cikin ido, kuma ba a ɗaga masa murya. Da na ga furfura kaina yake sunkuyawa, muryata ta koma ciki, ban ma san ina yi ba. Mako biyu ina azabtar da bakina a banza.

Ɗaga kan nan ya fi mini fensir wuya. Ji na yi kamar zan zagi kakana. Amma na ɗaga, na dubi tsakiyar idonsa, na buɗe murya na faɗa masa ɗaya bayan ɗaya. Yana kallon bakina yana gyaɗa kai. Da na gama ya maimaita mini duka, bai kuskure ko rabin ƙwaya ba, ya sa albarka ya tafi.

Manaja ta sa biron a aljihu.

"Ki riƙa kallonsu," ta ce. "Kanta taki ce."

Haka na wuni ina kallon tsofaffi ido cikin ido.

Da yamma na tarar da Baba a falo yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko ya sha maganinsa na rana. Sai da na ga ya rage rediyon ya zuba mini ido, sannan na gane kallonsa nake yi kai tsaye, murya a sama.

"Lafiya?" ya ce. "Wa ya ɓata miki rai a wajen aiki, za ki zo kina zare mini ido?"

Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai da sauri na ce ba kowa, ya yi haƙuri, na ci jarrabawar Manaja ne.

Baba ya karkato da kunnensa wajena.

"Me kika ce? Ke kullum sai ki riƙa magana da tabarma."